Dudu da Lokacin Dashen Albasa

Daga Shanga har Ngaski ba a taɓa yin mai haƙurin Dudu ba. Haka ake faɗa, sai dai ba wanda ya taɓa tambayarsa ko yana so.

Manomin albasa ne a bakin tafki. Rabin shekara gonarsa tana ƙarƙashin ruwa. In ruwa ya janye ya bar laka, sai ya fito da iri ya dasa, yadda ubansa ya yi. A al'adar ƙauyensu, wanda ya bar lakarsa ba dashe har janyewa huɗu, mai gari ya ba wani.

Wata shekara ruwa ya tafi da turken iyaka. Gardama ta kaure tsakaninsa da maƙwabcinsa Yusuf, Dudu ya ɗaga filafilin kwalekwale, hannun Yusuf ya karye. Mai ɗori ya gyara hannun kafin a cire albasa. Shari'a kuwa ba ta da mai ɗori.

Aka tsare Dudu jiran shari'a. Yau alƙali ya tafi taro, gobe motar fursuna ba mai, jibi shaida ya tafi kamun kifi. Ruwa ya janye sau uku Dudu yana gidan yari.

Matarsa Yasira ta kawo masa fura.

"Malam, ruwa ya soma ja. Mai gari ya ce bana ta ƙarshe."

"Yusuf fa, mi ya ce?"

"Bai ce komi ba. Ya dai yafa irin gona biyu."

Wani tsohon fursuna ya ba Dudu shawara: "Amsa laifinka, ɗan'uwa. Wanda ya amsa, ranar ake gamawa da shi." Bai yi ƙarya ba. Shari'ar da ta gagara shekara uku, kafin azahar an kammala ta. Ɗaurin shekara biyar, a cire ukun da ya riga ya ci.

Wata lauyar agaji, Christiana, ta ɗaukaka masa ƙara, tana cewa jinkirin ya tauye masa haƙƙi. Kotun sama ta yarda cewa yi wa mutum shari'a da wuri haƙƙi ne babba, ta ma yi shafuka tana yabonsa. Sannan ta ce wanda ya amsa laifi da bakinsa ya yafe shari'ar gaba ɗaya, da saurinta da jinkirinta.

Hukuncin ya fito bayan ya gama wa'adinsa, don haka a gida lauyar ta same shi.

"Baba, da ba ka amsa ba, da muna da magana."

"Ɗiyata, da ban amsa ba, yaushe za a kira ni?"

Ta ce wannan tambaya ce mai kyau.

Bana Dudu yana dashe a lakar ubansa. Yusuf ke biyansa kuɗin yini.