Hular Kwanon da Na Saya wa Yayana

Yayana mai wankin hula ne a Tudun Wada, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin tsakiyar kansa a waje ba. Ko ashana zai saya a shagon kusa da gida, sai ya tsaya gaban madubi ya daidaita karin hularsa tukuna. Yakan ce kansa shi ne allon tallarsa, wanda ya ga tasa a tsaye cas shi zai kawo masa wanki. Gaskiyarsa ce kuwa, don har daga Bosso da Tunga ake aiko masa da huluna. Ya wanke, ya sa sitaci, ya kifa su a kan guntayen katako su sha rana, ranar Alhamis ya ɗaura kwali a bayan babur ya bi gida-gida yana rabawa.

A kan wannan babur ɗin muka shekara muna sa-in-sa da shi.

Ni ce autarsu, ina koyarwa a wata firamare a Limawa. Maƙwabciyata ma'aikaciyar jinya ce, 'yar kudancin Kaduna. In ta taso aiki takan zauna a ƙofar ɗakina, ta cire takalmi, ta ba ni labarin waɗanda aka kawo musu ranar. Yawanci 'yan babur ne, kuma yawanci a ka suke buguwa. Wata rana ta ce mini da irin Hausarta, "Malama, ƙafa in ya karye muna gyara. Kai in ya fashe, sai addu'a." Washegari na shiga kasuwa na sayo hular kwano baƙa, mai gilashi da igiyar haɓa, na kai masa har shago.

Ya karɓa ya juya ta, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa kamar mai zaɓen kankana, ya yi godiya har da sa albarka. Sannan ya tambaye ni ina zai kai hularsa in ya kifa wannan. Na ce ya sa ta a aljihu. Ya dube ni kamar na zage shi. Hular da ta sha sitaci, ita za a cusa a aljihu kamar hankici? To, na ce, ya ɗora kwanon a kanta. Nan ma ya ce karin zai mutu, ya isa gidan mutane da hula a lotse, su ce ga mai wankin hular da bai iya da tasa ba.

Daga ranar duk haɗuwarmu sai an taɓa zancen, kuma kullum da sabuwar hujjarsa. Yau zafin Minna ne, wai kwanon dafa ƙwaƙwalwa yake yi. Gobe ya ce ba ya jin hon ɗin mota in ya sa. Jibi ya ce masu dokar sa hular kwano su fara cike ramukan hanya kafin su zo kan kawunan mutane, kuma dokar ma ai ta wata guda ce, a matsa a kama mutane, sannan kowa ya manta. Wannan kam ban iya musa masa ba, don na ga hakan da idona ba sau ɗaya ba. Amma in na ƙure shi, sai ya koma inda ya san bakina zai mutu, ya ce kai nasa ne, kuma ba mai wuce ranarsa. Ni kuwa in ce kan nasa ne, amma yara biyar da uwarsu a ƙarƙashinsa suke fakewa. Sai ya yi dariya ya ce auta ta girma, har ta fara yi wa manya wa'azi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bai bar hular kwanon a gida ba. Kullum tana rataye a hannun babur, tana lilo. In ya hango masu kaki a mararraba sai ya zura ta a gwiwar hannu ya ɗaga musu, wai shaida ce yana da ita. In matarsa ta ba shi saƙon cefane, a ciki yake zubo tumatir don kada ya fashe.

Wata Alhamis cikin damina, da hantsi, ina tsakiyar darasi matarsa ta kira ni tana kuka. An yi ruwa da asuba, ya kwaso yashi ya zuba a kwalta. Wani mai keke mai ƙafa uku ya karya kwana ba zato, yayana ya taka birki, tayar ta zame. Ba gudu yake yi ba, duk wanda ya gani ya faɗi haka. Ƙeyarsa ce ta daki bakin kwalbati. Kwalin hulunan kuwa leda biyu ya naɗe shi da ita, ya ɗaure da roba tamau, ko ɗaya ba ta yi ƙura ba.

Kwana biyu bai gane kowa ba. Da ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya shi ne ko an kai wa mutane hulunansu, gobe Juma'a. Matarsa ta ce masa yau Asabar. Na fita baranda na yi kuka, rabinsa na godiya, rabinsa na haushi. Likita ya gaya masa a gabana cewa ya auna arziki, amma in wurin nan ya sake buguwa ba wanda zai ɗaukar masa alkawarin komai. An aske rabin kan, an yi ɗinki, aka ce kada hula ta taɓa wurin sai ya warke.

Ya yi kusan wata bai leƙa ƙofar gida ba, don ba zai fita kai ba hula ba. Da ya ga masu kawo wanki sun fara komawa wani wuri, sai ya hau babur. Ina dawowa daga makaranta na hango shi da hular kwano a ka, igiya ɗaure a haɓa, gilashi a sauke. Wallahi saura kaɗan in yi guɗa a titi. Na je na shaida wa maƙwabciyata, na ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Daga baya matarsa ta gaya mini dalili: tana da faɗi, ba ta matse ɗinkin, kuma tana rufe askin. Har zauren mutane da ita yake shiga don kada a ga kansa. Na ce ko don mene ne, dai ya sa.

Sati shida ya yi yana sawa. Wata Asabar da la'asar na ji tsayuwar babur ɗinsa a ƙofar gidana. Na leƙa, sai ga shi da sabuwar zanna, kari ya kwanta lumui, gashi ya tsiro. Ya shigo ya zauna, ya tambayi yarana, na ce suna islamiyya. Na kawo masa ruwa.

Na ce, "Yaya, ina hular kwanon?"

Ya ce, "Ai na warke, auta."

Na buɗe baki zan fara, da likita da ɗinki da komai a kan harshena. Sai ya ajiye kofin, ya dube ni da fara'arsa ya ce, "Ina yaran? Ban gan su ba." Na ce suna islamiyya. Ya ce madalla. Bai san ya riga ya tambaya ba.

Na ɗauke kofin. Na raka shi ƙofa, ya taka babur ya tashi, ya sa hannu biyu ya gyara zaman hularsa. Bakin tabon ya leƙo ta ƙasanta, ja, tsawon ɗan yatsa. Na tsaya ina kallon ƙeyarsa har ya shiga cikin kekuna da motoci a babban titi.