Gajerar Sandar Lolo Insoy

Ina 'yar shekara tara na fara jin sunan Insoy. Kakana Lolo Baldo yana koya wa maza arnis, wato faɗan sanda na ƙasarmu, a tsakar gida, kowa da doguwar sanda, ƙafafu a kan ɓarin kwakwa uku da aka kife a ƙasa. Salon gidanmu ke nan tun zamanin masu saran rake: ka ja baya, ka doki hannun abokin karawa daga nesa. Ran nan yayana Dodong ya manta, ya kutsa jikin abokinsa. Lolo ya daka masa tsawa, "Fita! A gidan nan ba a yin irin na Insoy!" Na ɗauka wani ɗan uwa ne da ya mutu tuntuni ya bar abin kunya.

Da na gama sakandare, ni aka bar wa rubuta sunayen mamatanmu da ake kaiwa coci farkon Nuwamba. Na tambayi kakata Lola Pilang ko a sa Insoy ɗin.

"Rufa mini asiri, Inday! Mutum yana raye za ki kunna masa kyandir? Ƙanen kakanki ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana bakin teku yana ɗinkin raga."

Biro ya suɓuce mini. Bakin tekun da nake zuwa sayen busasshen kifi duk Asabar!

Na same shi zaune cikin wani tsohon kwalekwale a kan rairayi, ɗan ƙaramin tsoho mai hancin kakana sak.

"Jikar Baldo ce," ya ce tun ban gaishe shi ba. "Kin tsaya can kamar ina cizo. Haka gidanku kuke, kullum ja da baya."

Ya sa na shiga na zauna gabansa, ya miƙo mini sandar da ba ta wuce kamu ɗaya ba.

"Doke ni."

"Haba Lolo..."

"Doke ni mana, ƙwai ne ni?"

Na kai duka. Ban ga abin da ya faru ba. Sandata tana hannunsa, tasa tana maƙogwarona, shi kuwa ko motsawa bai yi daga mazauninsa ba.

Wurin surukinsa masunci ya koyi wannan salon. A cikin kwalekwale babu inda za ka ja baya sai ruwa, don haka su shigewa suke yi, su danne hannu, su ƙwace. Baldo ya kira abin kokawar masu ƙarnin kifi. Ranar bikin waliyyin garinmu suka kara gaban jama'a, Insoy ya shige, sandar wansa ta tashi ta faɗa cikin tiren mai soyayyar ayaba.

"Wa ya ji ciwo?" na tambaya.

"Ko ƙwarzane babu. Dariya aka yi. Da hannunsa na karya, da ya yafe mini tuntuni."

Shekara arba'in da ɗaya ke nan suna gaba! Ba wanda ya tura ɗansa wurin Insoy, don kowa a garin ɗalibin Baldo ne ko ɗan ɗalibinsa. Surukin ya mutu, 'ya'yan Insoy biyu suna aikin jirgin ruwa a ƙasashen waje. Abin da ya sani ba shi da magaji.

Shekara biyu na yi ina koyo wurinsa, ina dawowa gida duk Asabar da kifi da kumburarrun yatsu. Lola tana gani, ba ta taɓa tona ni ba. Lolo Insoy ya rasu a watan Yuni. Kakana bai je jana'iza ba, amma ranar bai fito koyarwa ba.

Bana na sa sunansa a takardar coci. Saura alkawari ɗaya, ga kakana ya kai tamanin da uku, ni kuma kullum sai na ce gobe. Asabar ɗinmu ta ƙarshe Lolo Insoy ya roƙe ni:

"Inday, kafin Baldo ya biyo ni, ki ɗauki gajerar nan ki shige jikin babban ɗalibinsa yana kallo. In kin ƙwace sandar, kada ki bari ta taɓa ƙasa, ki miƙa wa kakanki da hannu biyu. Ina so ya ga abin sau ɗaya ba a yi dariya ba."