Bakin Jirgin Baba

Matso kusa ka zauna, tabarmar za ta ishe mu. Ƙafata ta daina barina zirga-zirga, bakin ne kawai ya rage, shi ma ya soma gajiya. Labarin wani gwangwanin fenti nake so in ba ka, wanda ya yi kwana bakwai a ƙarƙashin rumbunmu ba a buɗe shi ba.

Mu mutanen wajen Turawa ne, kuma manoma ne tun kakanni. Ina da shekara tara ko goma ruwan dam ya taso ya shanye fadamarmu. Ba dare ɗaya ya yi ba. Kullum sai Baba ya je ya kafa kara a bakin ruwan, washegari ya tarar karan a tsakiyar ruwa, har dai ya daina kafawa. Mutumin da bai san komai ba sai fartanya, ko iyo bai iya ba, ga shi da baki takwas a gida. Da ya ga zama ba zai yi ba, ya sayar da bijimin nomansa, kafinta ya haɗa masa ƙaramin kwale-kwale na katako, mai shimfiɗaɗɗen ciki kamar faranti. Irin wannan na bakin gaɓa ne, inda gwangwalar tura jirgi take taɓa ƙasa. In ya shiga tsakiya iska ta taso, kifewa zai yi.

Wanda ya koya masa sana'ar Malam Ɗanjuma ne, wani basarke, masunci na gado, da ya biyo ruwan ya sauka kusa da mu. Shi ya ce a shafe ƙasan jirgin da kwalta, jikin kuma a yi masa fenti ruwan toka. Ya ce a ruwa marar zurfi kifi sama yake kallo, in ya hangi abu mai haske sai ya watse, don haka jirgi ya zama kamar inuwar gajimare. A zaure suke wannan magana, sai ya ƙara da cewa in hannun Baba ya faɗa, zai riƙa jansa tsakiya, can inda giwan ruwa yake. Ni na ji, don kunnena ba ya barin komai ya wuce. Ashe Iya ma ta ji.

Iya ita ce kakata, mahaifiyar Baba. Sunanta na ci, shi ya sa take ce mini takwara. Baba ɗanta ne na fari, ka kuwa san yadda abin yake a wurinmu. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta zama su yi hira, ba ta tambayarsa ya jiki ko da zazzaɓi ya kwantar da shi, sai dai ta dama kunu ta ba ni in kai, ta ce a ba wancan. To mai irin wannan alkunya, ta yaya za ta buɗe baki ta ce masa tana jin tsoro kada ruwa ya cinye shi?

Ranar kasuwar Karaye Baba ya dawo da gwangwanin ruwan toka. Ya tura shi ƙarƙashin rumbu, saboda kwaltar tana son kwanaki kafin ta bushe. A cikin kwanakin nan ne Iya ta fito da wata tatsuniya da ba mu taɓa ji ba.

Al'adarmu ce in an ci tuwo a taru a bakin murhu kafin garwashin ya mutu. Tun da ruwa ya matso gari sanyi ya ƙaru, Iya takan miƙa tafin ƙafarta wajen wutar, ta binne mana gyaɗa a toka. Baba kuma yakan zauna can gefe da fitilar ƙwai yana fama da raga, yana ɗaure ƙulli yana kwancewa, don yatsunsa ba su saba ba. Ba ya cikin hirar. Amma a wannan makon na lura Iya ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

Ta ce ga wata nan ta kawo mana, mu tara hannu mu karɓa. Muka ce mun tara.

Wai a farkon duniya tsuntsaye duka farare ne kamar auduga, sai aka buɗe musu marina kowa ya zaɓi launinsa. Tsada ta zaɓi nata, carki ya zaɓi nasa. Zalɓe kuwa, da yake ɗan fari ne kuma shi ke ciyar da gida, ya ce a rina shi ruwan toka don kada kifi ya gan shi. Aka rina shi. Ya shiga ruwa ya tsaya, kifi na ta zuwa har ƙafarsa. Kullum sai ya ƙara taku ɗaya ciki, tunda ba mai ganinsa balle a ce ya dawo. Uwarsa takan zo bakin gaɓa ta duba, ruwa toka-toka, sama toka-toka, ɗanta toka-toka. Ga shi ba ta iya kiran sunansa. Haka za ta tsaya har rana ta faɗi. Ran nan ya ƙara takun da ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba.

Nan ta tsaya, ta ce ta ƙare, kowa ya ɗauki gyaɗarsa. Muka yi ta ƙorafi, ƙanwata har da kuka, wai ba a gama tatsuniya haka. Iya ta ce ita ma haka aka ba ta.

Washegari ta sake kawo ta, jibi ma haka. Mu yara mun gaji da zalɓe, muna roƙon ta ba mu ta gizo, ta ƙi. A dare na huɗu ne Baba ya yi gyaran murya, ya dubi mahaifiyata, ba Iya ba, ya ce, "Kifi dai gudun haske yake yi. Masu sana'ar ne suka faɗa."

Iya ta tona toka da tsinke, ta dube ni ta ce, "Takwara, kifin da ya gudu ai yana nan cikin ruwan, gobe a same shi. Zalɓen fa?"

Baba ya koma kan ragarsa. Amma a daren Iya ta sauya ƙarshen labarin. Ta ce uwar zalɓe ta je gindin ɗorawa ta samo gari, ta kwaɓa da ruwa, ta lallaɓa yana barci ta shafa masa a baki. Da gari ya waye ya shiga ruwa, sai ga ɗan ɗigon rawaya yana yawo a kan toka. Ta gan shi, shi ma ya san ta gan shi. Ta ce shi ya sa har yau in ka duba zalɓe, jikinsa toka ne, bakinsa ɗorawa, kuma ba ya wuce inda ruwa ya kai masa gwiwa.

Da kasuwa ta zagayo, Baba ya dawo da wani ɗan ƙaramin gwangwani a aljihu. Ya shafe jikin jirgin da ruwan toka kamar yadda aka ce, sannan ya bi bakin jirgin kewaye da ruwan ɗorawa, faɗin tafin hannu. Masunta suka yi ta yi masa tsiya, wai jirgin ɗaukar amarya ya iso. Malam Ɗanjuma ya girgiza kai, ya ce wannan ai ko daga ƙetare an hango ka. Baba ya ce fentin ne ya yi saura.

Ranar da ya fara fita, da la'asar Iya ta ɗauki ƙwarya ta ce in raka ta tsinkar tafasa a bakin ruwa. Muka je, ba ta tsinki ko ganye ɗaya ba, ta zauna a kan wani dutse. Baba ya turo jirgin ya wuce ta gabanmu a hankali, bai dube mu ba. Rawayan nan yana ta ƙyalli a rana. Na juya in ga fuskar Iya, sai na ga tana murmushi tana gyaɗa kai, amma idonta na can hagu, wajen wani kututture da ya leƙo daga ruwa. Jirgin kuwa yana dama.

A hanyar gida na kasa haƙuri, na ce, "Iya, ba ki gan shi ba ko?"

Ta ce yanar ido ce ta rufe mata gani tun bara, abin da ya wuce tsawon tabarma biyu hayaƙi ne kawai. Na ce to mene ne amfanin ɗorawar? Ta kama kunnena, ba da zafi ba, ta ce, "Shi ai bai sani ba. In ya san ana kallonsa ba zai yi nisa ba. Ke kuma in na ji wannan a bakin wani, ni da ke ne."

Haka na zama idonta. Kusan shekara biyar, kullum la'asar, da damina da rani, har lokacin da babu tafasa ko ta magani, mu tafi da ƙwarya mu dawo da ita wayam. Ta zauna a dutsen, ta ce yana ina, in ce yana daidai tsamiyar da ta nutse, sai ta juya fuskarta can. Na gaji da tafiyar nan, ba zan ɓoye maka ba. Ƙawayena na wasa a dandali, ni ina gadin ɗigon fenti. Baba kuwa bai taɓa wuce inda gwangwala ke taɓa ƙasa ba. A kan tsohuwar gonarsa yake yawo, yana jefa raga inda dā yake shuka dawa.

Abin da yake kawowa ƙananan karfasa ne da ɗan tarwaɗa. Waɗanda suka bi Malam Ɗanjuma tsakiya suka yi rufin kwano, wasu har da inji a jirgi. Biyu daga cikinsu kuma ba su dawo ba. Mu dai muna nan a ɗakin kara, ba mu kwana da yunwa ba, ba mu kuma taɓa ƙoshi sosai ba. Mahaifiyata takan ce ko fentin ne ke korar kifin, ko hannun manomi ne, Allah kaɗai ya sani.

Bayan Iya ta rasu, na ɗauka zai bar rawayan ya goge. Bai bari ba. Duk shekara sai ya sabunta shi, kuma bai shiga tsakiya ba. Aka yi mini aure a Zoza, na yi 'ya'ya, shekaru suka tafi. Da ciwon ajali ya kama shi na zo jinya, wata rana ina ba shi kunu sai abin ya yi mini nauyi, na gaya masa cewa Iya ba ta taɓa ganin jirgin nan ba ko sau ɗaya. Na zaci zai yi mamaki. Ya haɗiye kunun ya ce, "Na sani. Kututture ta yi wa murmushi." Na ce to me ya hana ka bin su Malam Ɗanjuma? Ya ce, "Tana zuwa ai."

Shekara da shekaru ina juya maganar nan. Wata rana in ce Iya ta tsirar mana da uba da gwangwani ɗaya. Wata rana kuma in tuna yadda yake tsayawa yana kallon masu inji suna wucewa, in ce ɗaure shi ta yi a ruwan gwiwa har ya tsufa, shi kuma ya miƙa ƙafar da kansa.

Abin da ya sa na tsare ka da wannan dogon zance, nawa ɗan farin ya haɗa jaka. Wai aiki ya samu a manyan jirage can kudu, ranar Asabar zai tafi. Ni ma sunansa ba ya fita a bakina, tatsuniya kuma ban iya ƙirƙira kamar Iya ba, su ma yaran yanzu ba sa zama a bakin murhu. Kwana uku ke nan ina dama masa kunu ina ba ƙanwarsa ta kai.

To kai da ka ji duka, in kai ne ni, za ka shafa masa ɗorawar a baki, ko za ka bar shi ya shiga tsakiya?