Mai Ɓuya a Fasasshen Tulu

Abin ya faru ne damina biyu bayan rasuwar maigidana, shekarar da kogi ya cika har ya leƙo layinmu a Kudenda. A lokacin ne ɗana ya sayo wa 'yarsa akwatin gilashi da 'yan tarwaɗa biyu na ado, ko tsawon yatsa ba su kai ba. Ɗaya mai rawar kai ce, kana zuwa za ta taso tana goga gashin baki a jikin gilashi. Ɗayar kuwa kullum tana cikin wani fasasshen ɗan tulu da aka ajiye a ƙasan ruwan.

Jikata tana da sikila, ba ta cika fita wasa ba. Ta ce mini, "Kaka, mai ɓuyan nan ni ce. Mai rawar kan kuwa ke ce."

Da ciwon ya tashi za a kai ta asibiti, ta riƙe mini zane. "Ki kula da ni, Kaka. In tana nan, zan dawo."

Ni da na shekara talatin ina bandar kifi, wa zai koya mini tarwaɗa? Kifin da ke kwana uku a baho ba ya mutuwa! Na duba ruwan na ga ya yi kore, na ce ƙazanta ce. Na kwashe shi a bokiti, na jefa tulun a ciki, na ajiye bayan ɗaki don ban ruwan alayyafo. Na wanke gilashin da sabulu tas, na cika da ruwan famfo, na mai da mai rawar kan. Sai na nemi ɗayar. Babu.

Kafin la'asar mai rawar kan ta juya ciki sama.

Na shiga neman mai ɓuyan. Na duba ƙarƙashin kujera, na sa hannu a kwata. Maƙwabciyata 'yar Binuwai ta same ni a durƙushe.

"Mama, me ya ɓace? Ɗan kunne?"

Na gaya mata. Ta dafe kai. "Ruwan famfo da sabulu? Haba Mama, wannan ba kifin miya ba ne, 'yan gata ne!"

Kwana biyu ina nema, sai ɗana ya bugo waya daga asibiti. Ya ce ana ƙara wa yarinyar jini, tana tambayar kifinta. Na ce lafiya lau take. Ban taɓa jin nauyin ƙarya irin na ranar ba.

A rana ta uku na ɗauki bokitin zan zuba wa alayyafo. Har na karkata shi, sai na ga gashin baki biyu sun leƙo daga bakin tulun, suka koma. Na zauna daɓas a ƙasa ina salati. Ashe tun farko tana ciki, a ruwan da na raina.

Da yarinyar ta dawo, ta ƙirga ta ga ɗaya. Na faɗa mata gaskiya da bakina. Ta ce, "Kaka, ke kika kashe kanki."

Maƙwabciyata ta koma garinsu, can ta rasu. Mai ɓuyan ta ƙara shekara huɗu. Saura ɗana, da ni, da jikar, wadda har yau ba ta yarda in taɓa mata ruwan kifi.