Almakashin Goggo da Lemon Tsamin Marigayi

Goggona tela ce, kuma mai tsananin tsiya. In ta ga zare ya leƙo a rigarka, ko ba ita ta ɗinka ba, sai ta zaro almakashi daga aljihu ta datse, ba neman izini. Mu 'ya'yan ƙannenta mun sha wannan kunyar a gaban baƙi. A baranda take ɗinki, ƙarƙashin lemon tsamin da mijinta ya dasa shekarar da suka tare. Bayan rasuwarsa da keken ɗinkinta ta riƙe 'ya'yanta, ba ta taɓa kai kuka gidan kowa ba.

Sai aikin faɗaɗa titi ya zo, aka shafa wa katangarta jan fenti, alamar za a rushe gidan. Ta ce gini ba ya gabanta, amma bishiyar nan ba za ta bar wa katafila ba. To tsohuwar bishiya ba ta ƙaura, sai dai a yanki reshe a dasa.

Nan halin tela ya cuce ta. Ta jera rassan a tebur kamar yadi, ta daidaita sama da ƙasa, ta tsige ganye da toho tas, ta soka su a gwangwanaye. Suka bushe ƙayau. Ta sake, suka sake bushewa. Ranar da na tarar da kekenta a rufe, ita kuma ta yi tagumi, wallahi hankalina ya tashi.

Ana haka maƙwabciyarta, malamar aikin gona a sakandare, ta zo karɓar ɗinki. Ta ɗauki reshe ɗaya ta jujjuya.

"Goggo, ina kan, ina gindin?"

"Duk ɗaya ne mana, ai na daidaita su."

"Ke kika daidaita, shi bai yarda ba. Tohon nan da kike tsigewa, shi ke haɗa wani sinadari da ke gangarowa gindin reshe, ya taru, ya sa saiwa ta fito. Ƙasa kawai yake bi. Kin cire mai ba da umarni, rabi kuma kin dasa su a kife."

"Yanzu reshen ma sai na bi ra'ayinsa?"

"Sai kin bi, Goggo."

Ta bi, tana mita. Ta yanko sabbin rassa, ta yi wa gindin kowanne alama da allin tela, ta bar toho da 'yan ganye, ta kifa musu leda a inuwa don kada su yi ƙishi. Kullum sai ta zagaya su tana harara, hannunta na ƙaiƙayi.

Ranar tashi, katafila na ruri a bakin layi, Goggo ta ɗaga wani gwangwani. Ga fararen saiwoyi sun leƙo ta hujin ƙasa. Goggo ta ƙwala ihun da ya sa masu ɗaukar kaya sakin katifa.

"Ya kama! Ku zo ku gani, ya kama!"

Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. A mota ta rungume gwangwanin a cinya. Wani sabon toho ya fito a karkace, yana tsone mata ido. Na ga hannunta ya nufi aljihu. Ta zaro almakashin, ta dube shi, ta miƙo min.

"Riƙe min, 'yar nan. Kar ki ba ni sai mun isa."