Zaren Inna

Shekarar da na daina saƙa ban gaya wa Inna ba. Ina da mata da 'ya'ya biyu a lokacin, amma wannan maganar ta fi ƙarfin bakina.

A Dagumawa muke. Ita ke kaɗi, ni ke saƙa, haka muka gada. Ranar Juma'a in ɗauki farin ƙyalle da gwado in kai kasuwar Wudil. To, sai yadin akoko da atamfa suka cika rumfuna, daga ƙasar Turawa, ga faɗi ga araha. Mutum ya ɗaga gwadona, ya yaba, ya ce Allah ya kawo kasuwa, ya wuce. Juma'a nawa ina komawa gida da kayana yadda na ɗauro su. Tun ina jin zafi har na daina jin komai.

Wani malamin ofis da muke gaisawa ya taɓa ce mini, wai abin da ƙasar nan ke sayowa daga waje ya fara fin abin da take sayarwa, kuma masu ilimi sun rabu, wasu sun ce illa ce, wasu sun ce ba komai, tunda talaka ya samu sutura. Na ce masa to. Me zan ce? Ni kaina rigar akoko ce a jikina.

Na koma noman gyaɗa. Idon Inna ya riga ya yi rauni, ba ta fita, don haka ba ta ga masaƙa ta zama wurin ɗaure akuya ba. Kullum tana zaune da mazari da alli, ta gama ta miƙo mini zare. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana. Sai ta ce, "Kai, ungo. Wannan ya fi na jiya laushi." In karɓa, in zagaya bayan ɗaki, in jefa a tsohon rumbu. Damina biyu ina haka. Matata ta ce wannan ai cuta ce, na ce ta rufa mini baki.

Rannan kazar Inna ta shige rumbun za ta yi ƙwai, ita kuma ta bi ta da lalube. Na dawo daga gona da azahar na tarar da ita zaune a ƙasa, ta jawo zaren waje, gara ta cinye fiye da rabi. Tana murza ragowar a hannu yana zuba kamar gari.

Na tsaya da fartanya a kafaɗa. Wallahi ko kunya ban ji ba, ban ji komai ba.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun bara waccan, Inna."

Ta kakkaɓe zanenta. Ta ce, "Da ka faɗa mini, da na huta. Kafaɗar nan ta daɗe tana ciwo, ina ɓoye maka don kada ka rasa zare."