Na'urar da Ta Ƙi Jiran Baffa

A ƙarshen shekarun casa'in ina aikin kwamfuta a wani ofishin noman rani a Bebeji. Na'ura biyu ce, waya ta haɗa su: ta gabana ta bugawa, ta ɗakin ciki ta ajiya. Aka ce mu shigar da gidajen da ruwan madatsar Tiga ya cinye. Na ce ai ga Baffa, wan mahaifina, shi kaɗai ya rage da ya san tsohon garinmu gida-gida.

Ya zo da sandarsa da tarinsa. Yana faɗa ina bugawa. Sai dai Baffa ba ya ambaton mamaci ya wuce. Sai ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a, ya ba ni labarin rijiyarsa, wani lokacin ya yi shiru yana kallon ƙasa. Na ce, "Baffa, mu ɗan hanzarta." Ya ce, "Kai ɗan nan, mutanen da ke ƙarƙashin ruwa ina za su?"

Da la'asar na danna ajiya, allo ya ce an ajiye. Na raka shi tasha.

Washegari na buɗe, wayam! Na zargi janareta, na zargi waya, har masinja ya sha harara. Na daɗe ina bin tsarin layi-layi kafin na gano. Ashe ta ciki riƙe komai take a hannu, ba ta rubutawa sai an tabbatar mata a ƙarshe. In shiru ya yi tsawo, sai ta ɗauka mutum ya tashi, ta rufe zaman, ta watsar da abin da ta riƙe. Ta gabana kuwa, munafuka, ko a jikinta, sai ta ce an ajiye. Wanda ya tsara abin nan, Allah ya shirye shi, bai taɓa zama da tsoho ba.

Na gyara: kowane gida a rubuta shi nan take, shiru kuma a jira. Na hau babur in ɗauko shi, sai na tarar da tabarmi a ƙofar gida, ana zaman makokinsa.

Matarsa ta ce mini, "Tun da ya dawo daga wurinka hankalinsa kwance. Cewa yake ya sauke kaya, garin yana hannunka."

Wallahi na yi kuka. Na koma ofis na zauna in buga abin da na tuna. Na tuna rijiya, na manta mai ita. Na'urar ta yi ta jirana, ba ta rufe ba.